Yaran Karantina Da Madubin Aljihu

Mun roƙi Edita ya ba mu fili a wannan fitowa saboda wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Mu dai ba marubuta ba ne. Sana'armu allo da tawada, boko kuwa da girmanmu muka koye shi, har yau in za mu rubuta wa kanmu abin tuni da ajami mu ke yi. In an ga gargada, a yi mana afuwa.

Maganar ta wayar hannu ce, wadda Larabawa ke kira jawwal, da abin da ta ke yi wa yaranmu 'yan shekara 13 zuwa 18. Za mu fara da gidanmu, gama laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani.

Muna da 'ya, ita ce ta fari, don haka ba ma faɗin sunanta. Shekararta 15. Ran nan uwargida ta ce mana, "Malam, yarinyar nan fa ta rage cin abinci, kuma ta tambaye ni kuɗin man shafawa irin mai sa fari." Muka ce ƙuruciya ce, za ta wuce. Bayan kwana kaɗan, can tsakar dare muka tashi, sai muka ji shessheƙa a ɗakin yara. Muka leƙa, muka tarar da ita ta lulluɓa da bargo, hasken waya na fitowa ta ƙarƙashi. Ba mu tambaye ta kome ba. Muka karɓe wayar, muka jefa cikin akwatin littattafai, muka sa kwado, muka ce sai bayan mako guda.

Mun kwanta muna jin mun yi abin da uba ya kamata ya yi. Yarinya ba ta yi musu ba, ba ta kuma yi magana ba har kwana uku. Ran na huɗu ta kawo mana shayi, ta durƙusa, ta ce, "Baba, ka kashe mini wutata." Muka ce, "Wace wuta kuma?" Sai ta yi mana bayani. Ashe a cikin Snapchat, in mutum biyu suna aika wa juna hoto kullum ba fashi, akwai wata alama ta harshen wuta da ke fitowa kusa da sunansu, da lamba mai nuna kwanakin da suka jera. Ran da aka yi fashi, lamba ta ɓace. Ita da wata ƙawarta sun haura kwana 600. Muka yi dariya, muka ce yanzu a kan wannan a ke kuka? Ta ce, "Baba, tare muka tashi, ƙofarsu na kallon tamu. An mai da su Kano. Duk layinmu ita kaɗai ta rage mini."

Dariya ta tsaya. Muka ce to, kukan daren nan fa, na mene ne? Da ƙyar ta faɗa. Da Salla ta sa hotonta cikin wani zaure na 'yan ajinsu, wata ta rubuta a ƙasa, Takruniyya, ta haɗa da maganar baƙin fata, saura suka yi ta dariya. Kashegari ta sāke sa hoton, amma ta bi da shi ta cikin abin nan da ke wanke fuska ya sirance hanci. Nan da nan yabo ya yi ta zuwa. Tun daga ran nan, in ta dubi madubin ɗaki sai ta ga kamar ba ita ba ce, ta cikin waya ita ce ta gaskiya.

Kun ga ke nan, abu guda ne ya riƙe mata ƙawa, shi ne kuma ya sa ta raina fuskar da Allah ya yi mata. Mu kuwa da kwadonmu mun yanke zumuncin, raunin yana nan inda ya ke.

Wannan ya sa muka buɗe ido a makaranta. Akwai wani almajirinmu ɗan shekara 16, mai kaifin hadda, ya wuce izu 30. A Jidda aka haife shi, a Jidda aka haifi ubansa, bai taɓa ganin Kano ba, amma da igama ya ke zaune kamar wanda ya sauka jiya. Wani abokinsa ya tsegunta mana cewa a TikTok ya canja suna, ya cire duk abin da zai nuna Bahaushe ne. Muka kira shi gefe bayan an tashi. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah gafarta Malam, in na yi Larabci sai a ce mini Takruni. In na yi Hausa, 'yan Nijeriya su yi ta dariya, su ce ku ji Hausar Takari. Nan ni baƙo ne, can ma baƙo ne. To, ni ɗan ina ne?"

Wallahi ba mu sami amsa nan take ba. Muka ce ya je, gobe ma yi magana.

Dattawa sun fi mu sanin yadda muka zo nan. Tun kafin jirgin sama kakanninmu ke takowa da ƙafa, su ratsa Barno da Wadai da Darfur, su yi noman ƙodago a Sudan shekara da shekaru, sa'an nan su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, jama'a mai yawa ta ci gaba da hijira gabas, wasu suka tsaya Mai Wurno a bakin kogin Nilu, wasu suka iso Hijaz. Ita kanta Karantina ta samo sunanta daga wurin da a ke tsare alhazai a duba lafiyarsu in sun sauka. Unguwar talakawa ce, ba mu ce aljanna ba ce. Akwai ƙazanta, akwai ɓata-gari, akwai fargabar kame. Amma yaro ya san ko shi wane ne. In ya bi lungu, tsohuwa mai ƙosai ta san uwarsa, mai tsire ya san kakansa. In ya yi sauka, unguwa duka ta ci shinkafar walima, a ɗaga allonsa mai zayyana kowa ya gani. In an zage shi a makarantar gwamnati, da la'asar ya dawo cikin nasa, zagin ya kwana a waje.

To, cikin 'yan shekaru abubuwa uku suka zo a jere. A watan Yuli na 2017 aka sa wa baƙi kuɗin iyali, Riyal 100 a wata a kan kowane mutum guda da ke ƙarƙashin igamar mai gida, ana ƙara 100 kowace shekara har ya kai 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar, Riyal 2,400 ke nan a wata, 28,800 a shekara. Da yawa suka ga ba za su iya ba, suka aika da iyali gida. Na biyu, annobar korona ta zo, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, karatu ya koma cikin waya, aka kawo Madrasati. Mu da hannunmu muka je titin Falasɗinu muka sayo wa yara wayoyi, har da cin bashi. Na uku, rusau ya fara a ƙarshen 2021 ya ci gaba cikin 2022, ya shafi unguwanni fiye da 60 a Jidda, har da Gulail da Bitrumin da tamu. Yau mutanen Karantina wasu suna Bahra, wasu Makka, wasu gabashin gari, wasu Kano da Maraɗi da Damagaram. Makarantarmu ma a falon gidan haya ta ke.

Mu manya mun tafi da Karantina a cikin kanmu, mun san juna, in an yi rasuwa ko ɗaurin aure muna haɗuwa. Yaro fa? Lungun da ya ke wasa ya zama fili. Sai ya ɗauki unguwarsa ya zuba cikin waya. Saboda haka duk wanda ya ce yaran yanzu sun lalace da waya, gaskiya ya faɗa amma rabi. Ruwa ba ya tsami banza.

Yanzu bari mu yi magana da harshen kasuwa, tun da yawancin masu karanta wannan takarda 'yan kasuwa ne. Alhaji, ka taɓa ganin mai shago ya biya haya, ya biya yara, ya zuba kaya, sa'an nan ya ce kowa ya ɗiba kyauta? Facebook ya fito a 2004, Instagram a 2010, Snapchat a 2011, ba wanda ya ce ka biya ko halala. Ribarsu daga talla ta ke. Abin da su ke sayar wa masu talla shi ne idon ɗanka da lokacinsa. In ya daɗe yana kallo, ciniki ya yi kyau. Don haka aka gina abin yadda ba a son a ajiye shi. Na'urar tana lura da abin da ya tsai da yaro, ta ƙaro masa irinsa. Yarinyar da ta tsaya kan hoton fara sau biyu, gobe farare za su cika mata waya, jibi tallar mai. Ita wutar nan ta 'yarmu ma ƙugiya ce, don kada a yi fashin kwana ɗaya. Kasuwar kuwa ba ƙarama ba ce. Kamfanin Snapchat da kansa ya ce masu amfani da shi a Saudiyya sun wuce mutum miliyan 20, a ƙasar da ƙidayar 2022 ta ba da mutum wajen miliyan 32.

Abin da ya fi damunmu shi ne ƙidayar yabo. Da can yabo ba shi da lamba. Malam ya ce madalla, kaka ta ce Allah ya yi maka albarka, shi ke nan, yaro ya riƙe a zuci. Yanzu an sa wa yabo sikeli. Wance ta sami 300, ke kin sami 12, kowa na gani. Kuma abin da a ke aunawa da shi ba gaskiya ba ne. Kowa ranar Sallarsa ya ke nunawa. Wanda ya jingina da motar wani a bakin teku ya ɗauki hoto, ba zai nuna ɗakin da su tara ke kwana ba. Yaronmu kuwa ya san nasa ɗakin sarai, sai ya gwada cikin gidansu da ƙofar gidan wani, ya ga shi ne ƙarshen kowa.

Kada a ce mu malaman allo ne masu ƙin zamani. Masu abin ma sun sani. A watan Satumba na 2021 jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta buga takardun cikin gida na kamfanin Facebook, waɗanda wata ma'aikaciyarsu, Frances Haugen, ta fitar, ta kuma ba da shaida gaban majalisar dattawan Amurka a watan Oktoba. A ciki akwai binciken kamfanin da kansa, inda 'yan mata 32 cikin 100 suka ce in suna jin ba su son surar jikinsu, Instagram ƙara musu ya ke yi. A watan Mayu na 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fid da gargaɗi, ya kawo binciken da ya nuna yara 'yan 12 zuwa 15 masu wuce sa'a 3 a rana a waɗannan dandali, haɗarin baƙin ciki da fargaba a kansu ya ninka na sauran. Abin yana tafiya ta fuska biyu, gama yaro mai damuwa shi ya fi maƙalewa a waya, wayar kuma ta ƙara masa. Ƙasar Ostareliya har doka ta yi a watan Nuwamba na 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi, dokar ta fara aiki ran 10 ga Disamba, 2025.

Amma gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta duka. Cikin takardar likitan nan har wa yau an kawo cewa yara 80 cikin 100 sun ce abin yana sa su san halin da abokansu ke ciki, 67 cikin 100 sun ce suna da wanda zai tsaya musu in sun shiga wahala. Waɗannan 'ya'yan Amurka ne masu ƙasa da unguwa. Ina ga namu?

Mu ma mun ga alherinsa da idonmu. Da muka roƙi 'yarmu ta nuna mana hirarsu da ƙawar nan, sai muka ga Hausa ce tsantsa, amma da baƙaƙen Larabci. Da Larabci suka yi makaranta, shi ne a yatsunsu, Hausa kuwa ita ce a bakinsu. Watau ajami su ke yi ba su sani ba! Ajamin da muka yi ta kuka ya mutu, tun da aka cire shi daga ƙananan takardun Naira a 2007, ga shi yana yawo tsakanin Jidda da Kano kowane dare. Ba wasali, ba ƙa'ida, amma shi ne. Da muka gaya mata da irin wannan rubutu Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa matan zamaninta waƙoƙin karantarwa, sai ta ɗago kai ta dube mu, irin duban da ta daɗe ba ta yi ba.

Shi kuma almajirin nan, da gari ya waye muka zauna da shi. Muka tambaye shi wa ya riƙe kambun ƙungiyar ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018 a Rasha. Ya ce Usama Hausawi. Muka ce su nawa ne masu wannan suna a tawagar? Ya ce uku, da Umar da Mu'utaz. Muka ce to, su da sunan suka fito duniya na kallo, kai ka goge naka. Muka ba shi labarin kakan ubansa, wanda muka ji daga bakin dattawa, yadda ya yi shekara bakwai a hanya. Bai taɓa ji ba. Shekara 16, ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa. Wannan ba laifin TikTok ba ne, namu ne.

Kuma a bar kaza cikin gashinta ba zai yi ba a nan, sai an fige. A majalisarmu ta bayan magariba, mutum nawa ne kansa ba ya sunkuye kan WhatsApp? Yaro ya zo da allo ya ce Baba na haddace, a ce masa to, ido na kan waya. Mu nawa ne muka taɓa ce wa 'yarmu kin yi kyau? Muna ganin kunya ce, alkunya ta hana. A cikin gidajenmu kuma wa ya fara cewa wance fara ce sol, za ta yi kasuwa? Yarinya ta ji wannan a bakin gwaggonta tun ba ta san waya ba. Wanda bai sami yabo a gida ba zai je nema a waje, ba kuwa zai zaɓi mai bayarwa ba.

Saboda haka muna kawo wa Ƙungiya shawarwari biyar, dattawa su duba.

Na ɗaya, su kansu kamfanonin sun rubuta cewa sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Kada mu zama mu ne masu taya yaro ƙaryar shekaru.

Na biyu, waya ta kwana a falo, ta yaro da ta uba duka. Muna da kwando a gidanmu yanzu, ƙarfe goma kowa ya sa tasa, tamu ce ta fara shiga. In aka ce yaro kaɗai, hukunci ne. In aka ce kowa, tsarin gida ne.

Na uku, shi ne babba. Ƙungiya tana kama istiraha in za a yi taron manya. A kama wa yara ita sau ɗaya a wata, ran Jumma'a da yamma, maza gefe, mata gefe da iyayensu. Alhazai masu hali su ɗauki nauyin mota da abinci, a kwaso yara daga inda suka warwatsu. Su yi ƙwallo, su ci tuwo, su ga juna ido da ido. Zumunta a ƙafa ta ke. Ba za mu iya ce wa yaro fito daga waya ba, alhali ba mu tanadi inda zai fito ya je ba.

Na huɗu, a wannan taro kowane wata dattijo guda ko tsohuwa guda ta ba da labarin zuwan gidansu, yaran su ɗauka da wayoyinsu, su aika wa 'yan'uwansu na Kano da Maraɗi. Tsofaffinmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tafi da nasa.

Na biyar, a gaya wa yara doka. Dokar laifuffukan intanet ta 2007 a ƙasar nan ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara guda, ko tarar da za ta kai Riyal 500,000, ga wanda ya ɓata sunan wani ko ya keta sirrinsa da kyamarar waya. Ɗan ƙasa in ya faɗa ciki ya biya ya koma gida. Mai igama kuwa, wasan yaro ɗaya yana iya jawo wa gida duka tarhil. Wannan dokar kuma ita ce kariyar 'ya'yanmu in wani ya tsare su da hoto yana neman kuɗi. Su sani in haka ta faru, gare mu za su fara zuwa, kuma ba da bulala za mu tarbe su ba. Yaron da ke tsoron ubansa fiye da mai yi masa barazana, ya shiga uku.

Game da 'yarmu, mun buɗe akwati ran nan da ta yi magana, ba mu cika makon ba. Muka ce mata, "Mun yi kuskure da ba mu tambaye ki ba." Ba mu taɓa faɗa wa ɗa haka ba, ya yi mana nauyi a baki. Wutar ta koma daga 1. Ta fita daga zauren 'yan ajin nan da kanta. Maganar mai ba ta sāke tasowa ba, ko da ya ke uwargida ta ce har yanzu wani lokaci tana wanke hoto kafin ta aika. Ba mu ce an warke ba. Almajirin kuwa bai mai da sunansa ba tukuna, amma ya zo da littafi ya ce mu koya masa wasalin ajami, yana so ya rubuta labarin kakansa kafin kakarsa ta manta sauran.

Muna roƙon Shugaba da Magatakarda su sa maganar istirahar yara cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa. Mu mun ɗauki nauyin tattara sunayen yaran da ke wajenmu, da inda kowa ya koma. Sauran malamai su yi haka. Wanda ya ga gyara cikin abin da muka faɗa, ya rubuto wa Edita, za mu karɓa da hannu biyu.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu fi ƙarfin abin da muka sayo da kuɗinmu. Wassalam.

Naku,
Malamin allo, tsohon mazaunin Karantina, Jidda.